Robar Wuya da Jijiyar Hannuna

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu. Sunana Saratu, matar marigayi Bitrus mai gyaran keke a Gwaram. Yawancinku kun san ni. Wasunku kuma sun yi kamar ba su san ni ba, shi ya sa shaidata ta yau ba mai daɗin ji ba ce.

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa. Na yi ta zuwa wurin wani mai kyamis, yana ta yi mini ƙarin ruwa, yau wannan hannu, gobe wancan. Da abin ya ci tura aka kai ni asibiti a Birnin Kudu, suka ce ƙoda ce, sai Kano. Rediyo na ta cewa ƙasa ta yi arzikin mai, amma injin wankin jini sai mutum ya yi wannan doguwar tafiya.

A Kano likita ya ce babu lokacin jira. Ya soka mini roba a wuya, ta nan inji zai ja jini ya wanke ya mayar. Ya ce, "Mama, wannan ta wucin gadi ce, tana jawo ƙwayoyin cuta. Mai ɗorewa ita ce mu haɗa jijiyoyi biyu a hannunki, su yi ƙwari." Aka yi aikin a wuyan hannuna na hagu. Bai kama ba. Allurai sun riga sun kashe jijiyoyin.

Na dawo gida da roba tana reto a wuyana. Ba a yarda ruwa ya taɓa ta ba. Wurin ya yi ruwa, ya fara wari, zazzaɓi na kayar da ni.

'Yan'uwa, shekaru nawa na yi ina dafa abinci a zumuntar mata? Ran da na lallaɓo sujada, bencin da na zauna ya zama nawa ni kaɗai! Wata da muka yi baftisma tare ta tsaya daga nesa, ta rufe hanci da gyale, ta ce, "Saratu, ki binciki zuciyarki. Mai bangaskiya ba ya yawo da roba."

Wa ya riƙa wanke ni? Inna Hajara, maƙwabciyata Musulma. Ta zo da tsumma da ruwan ɗumi, tana goge ni tana kauce wa wuyan. Na ce, "Inna, ba ki jin warin?" Ta ce, "Ina ji mana. Ɗaga hannunki."

Da na koma, likita ya ce saura hanya biyu: a sake gwadawa a sama da gwiwar hannu, ko a dasa jijiyar roba a ƙarƙashin fata, ita kuma tana saurin toshewa. Na ce a gwada tawa.

A bakin ɗakin tiyata na yi addu'a, ba ta ladabi ba ce. Na ce, "Ya Yesu, ka ɗauke mijina, ka bar ƙodata ta mutu, mutanenka sun guje ni. Ban roƙe ka komai babba ba. Jijiya ɗaya! Kai ma an huda ka, ka san zafin."

Bayan aikin, nas ta ɗora yatsuna a kan ɗinkin, ta ce, "Me kika ji?" Abu na motsi zirr, zirr, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ta ce, "Ta kama." Halleluya! Da jijiyar ta yi ƙwari, aka zare robar wuyan. Ranar na kwarara ruwa tun daga ka har ƙafa, ina kuka.

Ban warke ba, kada in yi muku ƙarya a gidan Allah. Har yanzu ina hawa mota zuwa wankin jini a Kano. Hannun nan ba ya ɗaukar tulu, ba a awon jini a kansa, ba na kwanciya a kansa. Gafara kuma ina kan koyonta, ba ta gama shiga ba.

Amma ina raye, na gode wa Ubangiji. Ku dogara gare shi, ba ya toshe hanci.

Yanzu haka Baba Yohanna mai kaɗa mana ganga yana kwance a Basirka, an sa masa roba a wuya. Ana tashi daga sujada can zan nufa. Akwai wuri a motar.

Amin.