Sabon Iri a Jinin Ƙanena

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Daga Funtua nake rubutowa a kan ƙanena, wanda zan sakaya sunansa. Yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Lokacin da yake karatu a ƙasar waje ya shiga wani gwaji, likitoci suka ɗebi jininsa, suka gyara ƙwayoyin halittar da ke ciki, suka mayar masa. Suka ce duk shekara a riƙa duba jinin, don in gyaran zai jawo illa a gano da wuri.

Bana lokacin dubawar ya zo daidai da girbin masara, sai gogan ya ce ba inda za shi. "Yaya, dube ni fa! Ni kaɗai nake ɗaga buhu. Me ya rage su gani?"

Na ce, "Sannu likita. Sabon irin da ka sayo a Malumfashi, me ya sa a gefen gona kawai ka shuka shi?"

Ya ce, "Haba Yaya, wa ke yarda da sabon iri a damina ɗaya? Sai an ga yadda zai yi da fari, da tsutsa, da zaman rumbu."

Na ce, "To, jininka ma sabon iri ne."

Washegari ya hau motar asibiti, ya bar mini girbin, ni da hannuna ya fi sabawa da alli.

A gaishe mini da shi, Malam. A gaya masa baɗi ma ya je, na yarda bayana ya sake ciwo.