Arzikin Jama'a

A bencin tasha, wani dattijo ya tsare telan da ke gefensa da hira.

"Ɗana ya gama jami'ar nan mai ɗalibai daga ko'ina a duniya. Yanzu a ɗaki yake aiki."

Tela ya kasa ganewa. "A ɗaki, Baba? Wa ya ɗauke shi?"

"Abokan karatunsa, wani gabas, wani yamma. Ni ma ban gane ba."

"Ai ya yi arzikin jama'a."

"Haka na ɗauka. Jiya motarsa ta mace a ƙofar gida. Ya tsaya yana ta laluben waya, bai san maƙwabci ko ɗaya ba."

"To wa ya tura masa?"

Dattijon ya dafa ƙugunsa. "Me kake tsammani zai kai ni asibiti yau?"