Kafson Inna

BABA: Halo. Safara'u ce? Uwata, sai haƙuri, an yi mana rashi a gida.

SAFARA'U: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, wa?

BABA: Jan zakaran nan na innarki. Jiya da hantsi.

SAFARA'U: Haba Baba! Daga ɗakin majinyata aka kirawo ni da gudu, wai tarho daga Jos.

BABA: Shi ma zakaran ai bai ji daɗin abin ba. Ina wuni?

SAFARA'U: Ina wuni, Baba. Ina gajiya?

BABA: Ba gajiya. Ya Kaduna, ya aikin asibiti? Ya maigidan naki?

SAFARA'U: Lafiya lau, yana gaishe ku. Ya ruwa?

BABA: Ruwa ya yi gyara, har ya fara wuce gyaran. Tun shekaranjiya ba mu ga rana ba. Ina amaryata Adama?

SAFARA'U: Tana makaranta. Kullum sai ta tambayi kazarta. Baba, daga ina kake magana? Layin sai ƙara yake.

BABA: Ofishin Mista Badung, nan Titin Bauchi. Ya ba ni kujera da tarho, ya fita ya tsaya a baranda wai yana duba ruwa. Mutum ne mai kara.

SAFARA'U: A gaishe shi. Ina Inna? Ya ba ta biyo ka ba?

BABA: Innarki ba ta son tarho, kin sani. Ta ce magana da wanda ba ka gani aikin masu bori ne. Tambaya nake da ita, ta aikinku. Kajin gida ne suka kamu da tari.

SAFARA'U: Taro? Wane taro?

BABA: Tari. Kaji ba su fara taro ba tukuna, soja sun hana siyasa. Mura ce ta kama su: ido ya kumbura, hanci na zuba, in sun kwanta sai minshari kamar tsofaffin leburorin kuza.

SAFARA'U: Baba, ni fa mutane nake jinya.

BABA: Na sani, ni na kai ki makarantar. To innarki ta yi nata. Ta daka barkono ta zuba a ruwa. Ta jiƙa ɓawon maɗaci. Ta ɗura musu manja. Maman Firisila ta maƙwabta ta zo ta cire gashin kowace ta soka mata a hanci, wai numfashi zai buɗe. Sai ga kajinmu suna yawo a tsakar gida da gashin baki kamar 'yan sanda.

SAFARA'U: Ya yi aiki?

BABA: Sun yi kwarjini dai. Tarin bai kula ba.

SAFARA'U: Ba ku je wurin likitan dabbobi ba?

BABA: Na je, aka ce ya tafi rangadin shanu. Kaza ba ta kai a dawo dominta ba. Abin da nake so in ji, kafson nan ja-da-yalo, in an buɗe an zuba garin a ruwan kaji, akwai illa in mutum ya ci ƙwansu?

SAFARA'U: A ɗan dakata da cin ƙwan dai. Amma ina kuka samu ja-da-yalo?

BABA: Akwai shi a gida.

SAFARA'U: Na wa?

BABA: Kin ga ruwan nan ya sake saukowa. Kina jin kwanon?

SAFARA'U: Baba, ba a ajiye ja-da-yalo a gida kamar gishiri. Wa aka rubuta wa?

BABA: Na yi alkawari zancen kaji kawai zan yi miki. An sa na rantse. An ce mai ciki irinki da take dab da sauka ba a kai mata labari.

SAFARA'U: Inna ce.

BABA: Ke kika faɗa.

SAFARA'U: Me ya same ta? Tun yaushe?

BABA: Tun farkon ruwan nan. Ƙirji ne. Likita ya ce sanyi ya shiga haƙarƙarinta, ya ba ta kafso, ya ce ta shanye duka, kada ta bar ko ɗaya. Ana cikin haka sai kajin suka fara.

SAFARA'U: To sai aka yi yaya?

BABA: Kin san yadda take. Kowane jika da kazarsa a gidan nan. Ta Adama, ta 'ya'yan yayanki, kowa in ya zo hutu akurki yake fara gaisarwa kafin kakansa. Wadda ta fara tarin kuwa tsohuwar nan ce mai wake-wake.

SAFARA'U: Ta Lukuman.

BABA: Ta Lukuman, Allah ya jiƙansa. Na ce mata kazar nan ta tsufa, ko ƙwai ta daina, a yanka tun tana da amfani. Ta dube ni kamar na zagi uwarta. Ta ce ta zauna ta ji ɗanki yana tari har ya tafi, ba ta iya yin komai ba. Ba za ta sake zama ta ji kazarsa ba.

SAFARA'U: Wayyo Inna.

BABA: Halo? Kina nan?

SAFARA'U: Ina ji, Baba.

BABA: Ta kwaso su ta kai ɗakinta, ta hura musu kaskon gawayi, ta rufa musu bargon da kika kawo mata. Ita ta rufa da zane. Ni kuma ina bakin ƙofa ina ba da darasi. Na ce barkono na miya ne, maɗaci na katako ne, magani kuwa shi ne wanda aka gwada aka auna aka sa a kwalba. Tun da muka yi aure take ƙin jin maganata. Sai wannan karon ta ji.

SAFARA'U: Ta ba su nata.

BABA: Ta ba su.

SAFARA'U: Kai kana ina? Ba kai kake ba ta maganin ba?

BABA: Ni nake tsayawa a kanta safe da yamma, da kofi a hannu, kamar yadda na saba tsayawa kan 'yan aji. A gabana take haɗiyewa.

SAFARA'U: To ta yaya...

BABA: Kafso buɗewa yake yi, Uwata, kin fi ni sani. Tana juye garin a kaskon kaji, ta mayar da murfin, ta ajiye. Ɓawon take haɗiya. Har tana yamutsa fuska wai ɗaci. Ni ban gane ba sai ranar da ta kasa tashi, na fita ba su ruwa da kaina, na ga kaskon ya rine rawaya.

SAFARA'U: Da ta faɗa ai da an ƙaro. Kemis nawa ne a Jos? Ni da kaina da na aiko.

BABA: Da ta faɗa da na hana. Ta san wanda ta aura. Kuma ko haka bai ishe su duka ba. Sai ta ware zakaran, ta ce shi ba na jikan kowa ba ne, kuma namiji ne, zai jure. Su biyu ke nan a gidan da ba su samu ba, shi da ita.

SAFARA'U: Baba, tana ina yanzu?

BABA: Babban asibiti. Maman Firisila ce ke kwana da ita, ni ba sa barin maza. Suna yi mata allura, sun sa mata robar numfashi. Ma'aikatan suna da kirki, suna tafiya a hankali in sun zo wajen gadonta. Ban cika son yadda suke tafiya a hankalin ba.

SAFARA'U: Tana magana? Tana gane mutane?

BABA: Ta gane ni da safe. Ta tambaya ko na rufe akurki. Na ce na rufe. Ban gaya mata zancen zakaran ba.

SAFARA'U: Me likita ya ce? Faɗa min yadda ya faɗa, kada ka gyara.

BABA: Ya ce huhun duka biyu ne yanzu. Ya tambaya ko akwai 'ya'ya na nesa. Na ce akwai ɗaya a Kaduna, amma Kaduna ba nesa ba ce. Ya ce a wannan makon nesa ce.

SAFARA'U: Zan shigo motar asuba.

BABA: Hanyar ba ta da kyau da ruwan nan, ga yadda kike. Za ta ce na karya alkawari.

SAFARA'U: Ta faɗa. In dai zan ji ta faɗa da bakinta.

BABA: To. Ki taho da rigar sanyi. Ki zauna gaba, ko direba ya ƙi ki ce ke 'yar hedimasta Gwadabe ce, ƙila na taɓa dukansa. Kada ki tsaya gida, ki wuce asibitin. Zan tsaya a ƙofa.

SAFARA'U: Ka ci abinci kuwa yau?

BABA: Akwai ƙwai da yawa, amma kin ce a dakata.

SAFARA'U: Baba, ka daina. Wallahi in na zo da hannuna zan yanka kajin nan, duka.

BABA: Kada ki yi. Da kyar ta... Halo? Mai haɗa layi tana cewa lokaci ya cika. Baiwar Allah, ki ƙara mana kaɗan. Uwata, kina ji?

SAFARA'U: Ina ji, yi sauri.

BABA: Na tambaye ta don me ba ta bar wa kanta ko rabi ba da ta ga ciwon yana ƙaruwa. Ta ce ke kika koya mata ba a yanke magani a tsakiya.

SAFARA'U: Ni ita nake nufi, Baba. Ita.

BABA: Na sani. Kajin dai sun warke. Ta Lukuman ma yau da safe ta yi ƙwai.