Hannuna da Sunan Inna Hajo

Ina gaishe ku 'yan'uwana matan zumunta cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Rifkatu mai ƙosai ta Goronyo. Na roƙa a karanta muku wannan takarda, don in na tsaya da bakina kuka zai ƙwace maganar.

Kun san ni da zargi. Ko kaza ta shigo gidana sai na tambayi wa ya aiko ta. Ina kiran abin wayo, ashe ciwo ne.

Bara bayan kaka, matar ɗan maƙwabciyata Inna Hajo ta kafa kaskon ƙosai a bakin layinmu. Shekara goma sha biyar katanga ɗaya ce tsakanina da wannan tsohuwa, ita da sallarta ni da sujadata, ba mu taɓa sa-in-sa ba. A makon nan ta shigo ta kama hannuna biyu tana jujjuyawa, ta ce, "Ɗiyata, hannun ga naki akwai albarka. Ki gwada ma matar ɗana bugun ƙullu."

Kwana huɗu tsakani ƙaiƙayi ya fara. Ƙuraje masu ruwa suka feso tsakanin yatsuna, fatar ta tsattsage, in na sa hannu cikin ruwan wake sai na ciji leɓe. Nan take zuciyata ta ce, kin ga aikin tsohuwa, ta kwashe albarkar ta kai ɗakin ɗanta!

Ban je asibiti ba, ai a ganina ba ciwon asibiti ba ne. Na goga toka da lemun tsami. Wani ya ce man birkin mota, na shafa har na yi ihu. Duk abin da na sa sai hannun ya ƙara lalacewa, ni kuma in ce to kun gani, ciwon Allah da Annabi yana jin magani. Masu saye suka fara kallon yatsuna suna wucewa, har na ji ana raɗa kuturta.

Ga zunubina. Wata mai albasa ta tambaye ni a kasuwa, na ce, "Ni dai ban kira sunan kowa ba, amma akwai wadda tak kama hannun ga." Kafin mako ya zagayo, matan unguwa sun daina miƙa wa Inna Hajo jariransu. In ta shiga gidan suna sai a janye tabarma. Ina gani, ina jin daɗi. Wayyo ni!

Ranar addu'ar Laraba na durƙusa gaban uwar zumunta na ce mu roƙi Ubangiji ya tona asirin maƙiyiyata. Na yi ta zuba addu'a, ban ji aminta ba. Da na buɗe ido ta ce, "Rifkatu, ba ni cewa amin ga wagga. Mu roƙi gaskiya, ko wa tak kama." Ta riƙe hannun nan da kowa ke ƙyama, ta yi addu'a. Karo na farko na ji tsoron amsar Allah. Washegari ta sa ni a mota sai asibiti a Wurno.

Malamar asibitin ta duba, ta taɓa, na zabura. Ta ce, "Kina jin zahi ke nan. Tabon kuturta ba ya jin taɓi, wanga ba ita ta ba. Mi a sana'arki?" Na faɗa. Ta ce fata tana da wani maiƙo a samanta mai tsare ta, yawan jiƙa da sabulu suna wanke shi, daga nan ta tsage, komai ya samu ƙofa. Sai ta tambaya, "Mi ya canza ga aikinki lokacin da abin yaf fara?"

Har na buɗe baki zan ce tsohuwa, sai na tuna buhun wake. A makon da ciwon ya fara ne ƙanen maigidana ya kawo mana shi daga garin Rara, an barbaɗe shi da farin garin maganin ƙwari don ajiya. Kullum da safe ina zuba hannu ina murje shi a ruwa ina cire ɓawo. Wancan waken nake soya wa mutane! Allah ne kawai ya tsare ban kwantar da kowa ba.

Da na faɗa wa malamar, ta hana ni taɓa shi, ta yi mini faɗan man birki kamar ta mare ni, ta ba ni magani, ta ce in riƙa sa safar roba da shafa man kaɗanya. Wata biyu hannuna ya koma sumul. Yabo ga Ubangiji!

Sai na shiga gidan Inna Hajo na durƙusa na faɗa mata komai. Ta daɗe tana tsinka tsintsiya ba ta dube ni ba. Ta ce, "Na yahe maki, ɗiyata. Amma kunnuwan da kinka zuba ma maganar ga, ki bi su ɗai-ɗai ki kwashe abinki."

Ina kan bi har yau, gida gida. Wasu sun karɓa. Mai albasar nan kuwa da na gama bayani ta dube ni da tausayi ta ce, "Allah sarki, ashe hal bakinki ta kama."

'Yan'uwa, na gode wa Yesu da ya warkar da fatata, ya kuma nuna mini abin da ke ƙarƙashinta. Ku dogara gare shi, ku je asibiti da wuri, ku riƙe bakinku kafin ku sani. Ku sa Inna Hajo cikin addu'a. Jiya an yi suna a layinmu, ba a aika mata goro ba.