Kwamin Sadakar Haggag

Goɗiyar Haggag, mai keken doki a Luxor, ta yi ɓari ranar Talata. Washegari yana layi a asibitin dabbobi, kusa da wata malamar kimiyya mai riƙe da kyanwa.

"Kambun baka ne," in ji shi. "Kwaɗo biyu na sa wa bargar."

Malamar ta ce, "Cutar herpes ce ta dawaki, Baba. Ta hanci take shiga, ta manne wa ƙwayar halitta. Ƙwayar kuma ta ɗauka 'yar gida ce, ta buɗe mata da kanta."

"Baƙon doki bai taɓa shigo mini ba."

"A ina take shan ruwa?"

"A kwamin da na gina a ƙofar gida, sadaka ga mahaifina. Dokin kowa na sha."

"Goɗiya ɗaya gare ka?"

"Biyu. Ɗayar cikinta wata tara."

Sakamakon gwajin wadda ta yi ɓarin sai Asabar. Kwamin kuma a cike ya baro shi.