Yadda Jibrin Ya Zama Badi

A wurin wata mai shayi a unguwar Alsawra, can gabas kan tsohuwar hanyar Makka, wani tsoho ya ji wani saurayi yana cewa Badi ne sunan kakansa.

"Badi na gonakin Jazira? Ni na fara ganinsa ina yaro, ranar da ya iso da ƙafa daga Katsina, fartanya a kafaɗa."

"A'a, ya Hajj, Badi sunan sarakunan tsohuwar daular Sinnar ne. Haka na gaya wa iyayen yarinyar da nake nema, gobe za su bincika."

"Sarauta? Jibrin sunansa! Duk shekara in an gama cirar auduga sai ya ce, 'Baɗi zan wuce Makka.' Larabawa suka ɗauka suna ne."

"To, ya je?"

"Gona ta riƙe shi har kabari. Ka ce musu manomi ne, ɗana. Wanda ya musa, kawo shi nan ya dubi idona."