Hoton Sojan Rasha

A layin zauren gari na Baden na ji su. Ana karɓar tsofaffin hotuna don bikin tunawa da ficewar sojojin Rasha da suka mamaye garin bayan yaƙi. Ni tun rasuwar matata ba ni da sana'a sai sauraron mutane.

Wani tsoho ya leƙa hoton da ke hannun matar gabansa.

"Baiwar Allah, wannan ai kakin Rasha ne."

"Idonka ƙalau yake."

"Murnar tafiyarsu ake, ke kuma kin dawo mana da ɗaya? Ba mai kafa shi a bango."

"Ubana ne. Ranar da kuke kaɗa tuta, ranar jirgin ƙasa ya tafi da shi. Sai an kafa shi."

"Ki rufa wa mahaifiyarki asiri mana! Mu da aka haifi irinki a gidanmu, gidan marayu aka kai ta, kowa ya huta."

"Yayarka ce ke nan?"

"Ban ce ba."

"Yaya sunanta?"

Layi ya matsa, shi bai matsa ba.

"Ba a taɓa gaya mini ba," in ji shi.

Ta miƙa hotonta, aka karɓa. Shi kuwa ya tsaya yana duban nasa, na iyalinsu a bakin ƙofa, wai kowa da kowa.